Tulun Saudatu

Ilyasu mahauci ya bar rumfarsa da nama a rataye, ya nufi filin bayan Jambutu da sauri, hannunsa ko gama bushewa bai yi ba. Yau ne ma'aikacin muhalli na ƙaramar hukuma zai duba filin da aka ba Kiristoci su gina coci. Magana ɗaya Ilyasu ya zo da ita: a kusurwar filin akwai kaburbura tara na mahauta, cikinsu har da na matarsa Saudatu. An ce masa in dai hukuma ta gani da idonta, dole a ja ginin baya.

Yana isa ya tsaya cak. Filin fes yake kamar tsakar gidan mai tsabta. An nome ciyawa, an baje tudu, an share. Fasassun tukwanen da aka kafa a kan kowane kabari, waɗanda su kaɗai ne alama, an tattara su wuri guda tare da gwangwanaye da tsofaffin ledoji.

Madam Léontine, shugabar matan cocin, ta taho tana murmushi. Shekara goma sha biyar tana sayen hanta a wajensa.

"Baba Ilyasu, ka ga aikinmu? Kwana biyu muka yi, don kada komisyon mai duba filin ta ce wurin juji ne."

Ya dube ta, ya dubi tarin sharar. Da mugunta ta yi, da ya san abin da zai ce mata. Amma matar nan lada take jira.

Misye Fulbert, ma'aikacin, ya sauko daga babur da takarda a kan allo. Irin mutanen nan ne da ba sa ɗaga murya, don biro na yi musu faɗan. Ya ƙirga bishiyoyi uku, ya auna nisan rijiya, sannan ya juyo da guntuwar Hausarsa ta kasuwa.

"Kai ne mai maganar kabari? Ina dutse? Ina suna?"

"Ranka ya daɗe, mu ba ma sa suna. Tukunya muke fasawa mu kafa."

Fulbert ya dubi tarin sharar, ya taɓa shi da bakin takalmi.

"Bon. Ba na so a ce na zalunce ka. Nuna mini wuri ɗaya. A kawo diga a haƙa. In ƙashi ya fito, in rubuta."

Léontine ta dafe baki. Sai yanzu ta gane abin da suka share.

Ilyasu ya shiga filin. Shekara bakwai yana zuwa nan duk Juma'a, da ido rufe ma zai iya zuwa, amma ashe fasasshen tulun da ya kafa a kabarinta yake bi, ba ƙasar ba. Ya taka nan, ya koma can. Ya tsaya, sai tsoro ya kama shi kada a kanta yake tsaye, ya matsa da sauri. To ko da ya gane wurin, shi ne zai ce a sa mata diga?

"Ba za a tone ta ba," ya ce.

"Wato babu." Fulbert ya ja layi a takardarsa. Ya yaba wa matan coci da tsabta, ya tayar da babur.

Ilyasu ya durƙusa gaban sharar yana tonawa da hannu har ya samo wuyan tulun, mai zanen shuɗin fenti da Saudatu ta yi don kada maƙwabta su musanya mata a famfo. Ya goge shi da bakin riga. Ya miƙe, ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, ya rasa inda zai ajiye.

Léontine ta matso, hawaye na zuba.

"Pardon, Baba. Wallahi ba mu sani ba."

Ta kwance leda daga bakin zanenta ta miƙa masa. Ya gane ta. Ita ce ya ƙulla mata hanta a ciki shekaranjiya. Ya karɓa, ya saka wuyan tulun, ya ƙulle bakin yadda ya saba.