Jakar Tana Alajo

"Ba na tafi haka, Mma. Ko yanka ni za a yi, ba na tafi koraa, ko taku ɗaya."

Zuera ce ke magana, ta riƙe ƙyauren ɗakinta da hannu biyu, zufa na bin wuyanta. Naƙuda ta kama ta tun da hantsi, alhali cikin bai isa haihuwa ba, da sauran wata guda har da ɗoriya. Mma Salimatu, mai sayar da wake da shinkafa a bakin lungu, wadda ɗakinta ke manne da na Zuera, ta baro tukunya a wuta ta taho da ludayi a hannu, ta ma manta tana riƙe da shi.

"Ke 'yar nan, dubi ƙafarki. Wannan ba ruwa ba ne, jini ne. Ɗauko mayafi mu tafi asibiti."

"Jaka bai zo ba."

"Jakar tana Alajo, kin sani sarai."

"To a je a kawo shi. Ina jira."

Duk macen da ta taɓa zama a wannan gidan haya na unguwar Nima ta san jakar. Baƙar jaka ce ta fata mai zif, Mma Salimatu ta saye ta a gwanjo shekarun baya, matan gida suka yi ta zuba mata kaya: wannan ta kawo zanen atamfa mai kyau, waccan tawul, wata silifas da ba a taɓa taka gota da shi ba, sai sabulu mai ƙamshi da auduga da reza da kwalbar ditol. Wadda haihuwa ta zo wa sai ta ɗaura zanen, ta rataya jakar, ta shiga asibiti kamar matar ma'aikaci. In ta dawo a wanke, a cike abin da ya ragu, a ajiye wa ta gaba. Mma Salimatu tana alfahari da wannan dabara tata, kuma tana da gaskiya. Ta raka mata haihuwa ba adadi, ta ga yadda ake duban zanen mace kafin a dubi cikinta.

A wannan shekara kuwa, 1983, shekarar yunwa, jakar ta wuce ado. Sabulu ya ɓace daga kasuwa, asibiti ma sai ka zo da audugarka. Asana, matar ɗakin ƙurya, ita ta yi amfani da jakar a makon da ya wuce, ta zarce da ita gidan uwarta a unguwar Alajo wankan jego. Ba wanda ya damu, tunda kowa na ganin Zuera da saura.

Zuera 'yar arewacin ƙasar ce, daga wajen garin Walewale, dako take yi a tashar Tudu, mijinta Osumanu yana tura amalanke a nan. Su biyun Hausarsu ta koyo ce, ba sa bambance namiji da mace a magana. Mace ce marar hayaniya, in an tsokane ta sai ta rufe baki da gefen mayafi ta yi dariya. Amma maganar asibiti ba ta da wasa a wajenta. A cikinta na fari, daga kasuwa aka kwashe ta, da zanen dako da warin kifi a jikinta. Wata nas ta toshe hanci ta tambaye ta daga ina. Da ta ce Nima, aka nuna mata benci. Tana zaune tana murƙususu mata masu jaka suna shigewa ta gabanta, har yamma ta yi. Da aka waiwaye ta, yaron ya fito bai yi kuka ba. Tun daga ranar ko awo ba ta ƙara zuwa ba. Wannan cikin da dakon doya a ka ta raine shi har shekaranjiya, da garin rogo sau ɗaya a wuni, idonta ya yi fari fat, ƙafafunta sun kumbura.

Osumanu ya shigo da gudu, wani ya kai masa labari. Ya tsaya a tsakar gida yana haki, ya dubi matarsa, ya dubi Mma Salimatu.

"Mma, yaya za mu yi? In ɗauke shi mu tafi?"

"Kar ka taɓa ni," in ji Zuera. "Su sa ni benci kuma? Su kashe mini wannan ma? Je ka kawo jaka."

Mma Salimatu ta sake duban ƙafar Zuera. Ta san jini ba abin jira ba ne. Ta kuma san bencin nan, ta zauna a kansa da mata fiye da ɗaya. Ta auna a ranta: in aka ja yarinyar nan da ƙarfi aka kai ta a haka, aka sake watsar da ita, me aka yi? Alajo ba nisa, namiji mai ƙafa zai je ya dawo kafin azahar.

"Osumanu, ruga. Kar ka tsaya jiran mota, babu mai a gari. Ka ce wa Asana in ji ni, ko zanen bai bushe ba ta ba ka."

Ya juya ya fita. Haka aka tura mutum ɗaya tilo da zai iya saɓa Zuera a kafaɗa ya fita da ita titi, aka tura shi ɗauko zane. Abin da ciwo, domin duk wanda ke tsakar gidan a lokacin gani ya yi an yi hankali.

Da mijin ya tafi Zuera ta saki ƙyauren, ta yarda aka kwantar da ita a tabarma. Ɗakin duhu ne ko da rana, taga ɗaya ce kuma tana kallon gota, don haka kullum a rufe take. Mma Salimatu ta tura mata tsumma, ta zauna tana yi mata fifita da murfin kwali. Tsakanin ciwo da ciwo sai Zuera ta sami bakin magana.

"Mma, shuɗin zanen nan yana ciki? Mai tsuntsaye?"

"Yana ciki."

"Na taɓa gwada shi, ranar da kin shanya. Ba kowa a gida." Ta yi ɗan murmushi. "Ya yi mini kyau paa. Yau ni ma Madam ne."

"Madam mai kaushi," in ji Mma Salimatu. "Ai ko kin sa zinariya, wannan dunduniyar taki sai ta tona miki asiri."

"To shafa mini mai. Kar su gani."

Mma Salimatu ta ɗauko man kaɗanya a ɗakinta, ta ɗora ƙafar Zuera a cinyarta tana murzawa cikin tsagar kaushin, tana yi mata tsiya, ita kuma tana dariya ƙasa-ƙasa. Aka kira azahar a masallacin lungu, Osumanu shiru. Can sai ta lura dariyar ta ɗauke, ƙafar da ke hannunta kuma ta yi sanyi kamar randa. Ta ɗaga zanen. Tsumman ya jiƙe, tabarma ta jiƙe, jini ya bi ƙasan siminti ya taru a gindin bango inda ido bai kai ba.

"Zuera! Ke Zuera!"

"Jaka ya zo?" Muryar can ƙasa.

"Jakar banza! Jama'a, ku kawo ɗauki!"

Maza duk sun fita nema. Ganiyu tela kaɗai aka samu a shagonsa, tsoho ne mai ciwon baya, amma ya taso. Aka jawo bencin da masu cin wake ke zama, aka shimfiɗe ta a kai, shi da mata uku suka ɗauka. Mota ba ta taɓa shiga wannan lungu ba tun da aka kafa shi. Wani wurin sai an karkata bencin kafin ya wuce tsakanin bango da bango, Mma Salimatu na tallafe da kan Zuera kada ta zame. Mata na janye murhu da bahon wanki suna salati. A bakin babbar gota suka tsaya cirko-cirko, don katakon da ake takawa ba ya ɗaukar mutum biyu a jere. Ganiyu ya tuɓe takalmi ya shiga cikin baƙin ruwan har gwiwa, ya tallafi bencin daga ƙasa, aka haye.

A titi motoci na nan birjik, amma duk a layin gidan mai suke, direbobi na barci a ciki. Mma Salimatu ta yi ta ɗaga hannu har ta gaji, ta shiga tsakiyar titi ta tsaya. Wata motar gawayi ce ta ci birki. Direban, Issah, ya leƙo zai yi zagi, ya ga bencin, ya sauko ya buɗe baya. A kan buhunan gawayi suka kwantar da ita. Motar ta bi ta gefen unguwar Kanda, inda kwalta ke zuwa har ƙofar kowane gida, da furanni a bakin shinge. Daga nan zuwa ɗakin Zuera tafiyar ƙafa ce da ba ta isa ta gajiyar da yaro ba. Mma Salimatu ta kawar da kai, ta ci gaba da kiran sunan yarinyar.

Sun isa asibiti baƙi ƙirin, ita da Zuera, gawayi har cikin gashin ido. Mma Salimatu ta sauko da shirin faɗa, ta tanadi baƙar magana a bakinta. Nas ɗin da ke bakin ƙofa yarinya ce siririya. Ba ta dubi zane ba, ba ta tambayi unguwa ba. Ta ɗaga fatar idon Zuera, ta ƙwala wa abokan aikinta kira, ta rungume ta da kanta aka ɗora a gadon turawa, farar rigarta ta ɓaci da gawayi da jini ko a jikinta. Suka shige da gudu, ƙofa ta rufe.

Mma Salimatu ta zauna a benci, bakinta na motsi da addu'a. La'asar ta wuce kafin nas ɗin ta fito. Ta tsuguna a gabanta, ta yi magana da yaren Twi a hankali.

"Maame, ke ce uwarta?"

"Maƙwabciyarta ce ni. Uwarta tana arewa."

"Mun ciro yaron, namiji ne, yana numfashi. Ita kam jininta ya riga ya ƙare, da ma ba ta da shi da yawa, mu kuma ba mu da na ƙara mata. Mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Ki yi haƙuri."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Tun yaushe jinin ya fara?"

"Tun hantsi."

Nas ɗin ta dube ta, idonta ya kawo ruwa. "Tun hantsi, Maame? Me kuka tsaya jira?"

Mma Salimatu, wadda duk Nima ba a taɓa ƙure ta da magana ba, ta sunkuyar da kai tana duban gawayin da ke hannunta. Da mai toshe hancin nan ta tarar, da ta sami wadda za ta zaga har muryarta ta dishe, ta koma gida da sauƙi a ranta. Sai ga shi Allah ya haɗa ta da mai tausayi, a ranar da tausayin ya zo a makare. Ta rasa inda za ta ajiye baƙin cikinta.

Tana nan zaune Osumanu ya ɓullo daga ƙarshen baranda, ba takalmi, rigarsa ta manne da jiki. Ya je Alajo bai sami Asana ba, sun fita kai jaririya wajen wanzami, ya jira, ya dawo Nima ya tarar da ɗaki wayam, ya biyo su da ƙafa. Jakar tana kansa, ya dafe ta da hannu biyu kada ta taɓa ƙasa.

"Mma, ga shi. Asana ya wanke zane, ya goge ma." Ya sauke ta a hankali, ya dubi ƙofar. "Ya shiga? Su karɓe shi haka?"

"Sun karɓe ta, Osumanu."

"Alhamdu lillahi."

"Zauna, ɗana. Zauna nan kusa da ni."

Ya dubi fuskarta. Bai zauna ba, ya sulale ƙasa a inda yake, ya kifa kai a gwiwa.

Washegari da safe aka kai Zuera makwancinta. 'Yan dakon Tudu sun zo da yawa, sun jingine kwanoninsu a bangon lungu sun zauna a ƙasa suna kuka da yarensu. Yaron kuwa asibiti suka sallame shi, don kwalbar da ake sa bakwaini ta lalace. Nas ɗin ta naɗe shi da auduga ta miƙa wa Mma Salimatu, ta ce a manna shi da fatar mutum kada sanyi ya shige shi, a nemo mai shayarwa tun yau. Ba ta ce zai rayu ba, Mma Salimatu ma ba ta tambaya ba. Ta cusa shi cikin rigarta ta ɗaure da zane, tana jin ƙirjinsa na harbawa a nata.

Da azahar Asana ta iso daga Alajo, ta karya jegonta, 'yarta ɓul-ɓul goye a baya. Ba ta tsaya gaisuwa a tsakar gida ba, ta wuce ɗakin Mma Salimatu ta zauna a bakin gado, ta buɗe ƙirji.

"Kawo shi, Mma."

Aka kanga masa nono. Bakinsa bai iya kamawa ba, ya yi ta lalube har ya gaji ya saki. Aka sake, haka. Asana ta fara hawaye.

"Ba ya ja, Mma. Ba shi da ƙarfi."

"Tatso a nan."

Mma Salimatu ta miƙa mata ƙaramin cokalin shayi. Ta karɓi yaron ta kwantar a tafin hannunta, ta buɗe leɓensa da ɗan yatsa, ta ɗiga masa ɗigo ɗaya a gefen harshe. Nonon ya tsaya a wurin, fari, bai shige ba bai fito ba. Su biyun suka sunkuya a kansa, ba mai numfashi. A waje malamai sun fara addu'a, ana amsawa da amin.

Can sai ɗan maƙogwaron ya motsa.

Mma Salimatu ta goge idonta da kafaɗa, ta sake miƙa wa Asana cokalin.