Rigata a Jikin Fanka

Ba zan ɓoye ba, ni mutum ne mara motsi. Shekara ashirin ina duba takardu a ofis ɗaya, ido kaɗai ke aiki.

Sai aka kafa mana wata na'ura a silin. In ta ga motsi, ta bar fitila a kunne, ta rubuta ka zo aiki. In ba ta gani ba, ta kashe, ta rubuta ka yi fashi. Sati guda ina zaune a duhu, manaja ya aiko da gargaɗi: in na ƙara, in nemi wani aikin.

Na sami injiniyar da ta kafa ta.

"Baba, ai don ɗan Adam aka ƙera ta," in ji ta.

"To ni mene ne, 'yata?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan motsa mu gani."

Na koma ɗaga hannu duk minti biyar, har kafaɗa ta riƙe. Sai na rataya tsohuwar rigata a jikin fankar tsaye, tana waiwayen dama da hagu kamar mai neman wanda zai gaisar.

Ƙarshen wata manaja ya tara ma'aikata, ya miƙa mini lambar yabo ta ƙwazo. Ya ce su yi koyi da ni, ko cin abinci ba na fita.

Watan nan duk a gida na yi shi, ina jinyar kafaɗa.