Kilen Inna Ladi

Alfari mai jirgin fito mutumin kirki ne, amma gaggawarsa sai haƙuri. Shekara ashirin yana ƙetare kogi tsakanin Gaya da Malanbil, kafin fasinja ya gyara zama ya riga ya kwance igiya.

Ƙaninsa Yunusa direba ne a Kwatano, shekara uku bai leƙo gida ba. Uwarsu Inna Ladi tana Bengu, ido ya yi rauni, waya kuwa ta ce ba ruwanta da ita. Ƴar rediyonta mai cin kile, ɗan abin nan da ake ajiye waƙa ko murya a ciki a soka, ita kaɗai ta yarda da ita, don abin da aka sa mata a ciki takan ji ta sake ji. To sai Yunusa ya aiko da saƙon murya a wayar Alfari, ya haɗa shi da Allah kada ya faɗa wa tsohuwa komai, ta ji daga bakinsa.

Alfari ya kai wayar da kilen shagon Rashida, mai buga wa mutane takardu kusa da tasha. Ordinatar ɗinta, wato kwamfutar, tsohuwa ce tukuf, tsarin Linux aka sa mata don ta ƙara kwana. In an soka kile ba ta buɗewa da kanta, sai Rashida ta rubuta mata umurni a baƙin allo. Ta rubuta, ta tura muryar cikin kilen, ta juya ta miƙa wa wani takardarsa.

A nan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗan lumshe. Kowa a Gaya ya san abin yi: ka zare kayanka tun wuta ba ta dawo da ƙarfi ta ƙone su ba. Alfari ya fizge kilen, ya yi godiya daga bakin ƙofa, ya hau kabu-kabu har Bengu yana jin ya yi dabara.

Inna Ladi ta kara rediyo a kunne. Muryar Yunusa ta fito, ya gaishe ta, ya ce, "Inna, albishirinki." Daga nan shiru. Ta ce, "Goro," ta jira. Aka sake kunnawa har sau huɗu, a nan yake tsayawa. Maganar tana bakin Alfari, alkawari ya danne ta. Ranar ya ji kunya, ya kuma ji tausayin tsohuwa ƙwarai.

Washegari ya koma shago da fuska a ɗaure, wai injin banza ne.

Rashida ta yi dariya. Ta ce, "Kawu, ba laifin inji ba ne. Yana da batir, kuran bai dame shi ba. Kai in ka kawo shinkafa gaɓa, kana tura jirgi da buhu a hannun mai saukewa?"

Ya ce, "Wa zai yi wannan hauka?"

"Shi ka yi jiya. Zauna ka gani."

Ta soka kilen, ta rubuta mount, ta ce ɗaure jirgi ke nan. Ta tura muryar. Allo ya nuna an gama, hannun Alfari har ya fara tafiya, ta ce ya mayar da hannun aljihu, injin yana riƙe da sauran kaya bai sauke ba tukuna. Ta rubuta umount. Ƴar fitilar kilen ta yi ta ƙiftawa, mutumin da bai taɓa jiran kowa ba ya zauna yana kallon ta har ta mutu.

Rashida ta ce, "Yanzu an kwance. Ɗauki."

Da la'asar yana Bengu. Inna Ladi na kan tabarma gindin rumbu, ya soka mata kilen. Gaisuwa ta wuce, albishir ya zo, ta sake cewa goro a hankali, kamar mai tsoron ya tsaya. Bai tsaya ba. Yunusa ya ce matarsa ta haihu, ɗiya mace, an sa mata Ladi. Sai ga kukan jaririya a rediyo, siriri, da ƙarfinsa.

Tsohuwa ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ce, "Ji muryar takwarata, ta fi ni baki."

Da saƙon ya ƙare Alfari ya miƙa hannu zai zare kilen don ya adana mata. Ta buge hannun.

Ta ce, "Bar ta nan. Ba ta gama kuka ba." Ta lalubi maɓalli ta sake kunnawa.