Tokar Wilf a Bakin Raga

Ƙungiyar ƙwallon garinmu, Skelbeck Athletic, ta yi shekara ɗari da goma sha ɗaya kafin ta mutu. Ma'aikatan masaƙa ne suka kafa ta. Sau ɗaya ta taɓa hawa rukuni na biyu, ta yi shekara biyu a can ta sauko. Da aka rufe masaƙar sai 'yan kallo suka yi ta raguwa, har wata rana na sayar da shayi kofi tara kacal a rumfar da nake aiki. Bayan wata uku aka sa wa ƙofar filin kwaɗo.

Bana aka sayar da filin, za a gina gidaje. Ranar Litinin motocin tono za su shiga.

Kakana Wilf yana cikin filin. Shekara shida ke nan da rasuwarsa. An ƙone gawarsa kamar yadda ya yi wasiyya, aka binne tokar a bakin ragar da ke ɓangaren kogi, inda ya saba tsayuwa yana zagin alƙalin wasa. Sun fi mutum talatin a bakin wannan ragar. Kakata Enid ta ce ba za ta yarda a gina wa wani banɗaki a kan mijinta ba.

Ranar Asabar da safe muka tafi ɗebo tokar, ita da gwangwanin biskit, ni da ƙaramin shebur. Baba Cyril, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran ciyawar filin, shi ya zo ya buɗe mana. Ciyawa ta kai gwiwa. Kakata ta ƙirga taku uku daga ƙarfen raga na hagu ta tsaya.

"Nan ne. Tona, Jodie."

Na sa shebur. Baba Cyril ya cire hula ya mayar.

"Enid, ki bar yarinyar nan ta huta. Ba ya nan."

"Ina ya tafi? Kallon wasan waje?"

"Kin san bakin raga shi ya fi cin wuya. Mai tsaron gida yana tattake shi duk shekara. In an gama wasanni sai mu kwashe ƙasar wurin, zurfin kamu ɗaya, mu zuba sabuwa."

"Duk shekara?"

"Duk shekara."

Kakata ta dube shi. Ni dai na tsaya riƙe da shebur, ban san ko in ci gaba ba.

"Kai tsohon banza, kana tsaye a gefena ranar da aka binne shi. Har waƙa ka yi, da wannan muryar taka ta kwaɗo. Ka kasa buɗe baki?"

"In ce me? Kowa wurin yake so. Ba wanda ya taɓa cewa a sa shi a kusurwar fili."

"To ina ka zubar da shi?"

"Ban zubar ba. Ban taɓa zubar da ko ɗaya ba. A baro nake tura su zuwa lambuna."

Lambun yana bayan layin dogo, tafiyar minti goma. Wuri ne ƙarami, da kabeji layi huɗu, da albasa, da wata tsohuwar kujera da aka ciro daga filin. Ƙasar baƙa ce, mai laushi.

"Wane layi ne nasa?"

"Sun gauraya. Yana nan tare da su Desmond da Len mai burodi."

"Wannan Len ɗin da ba sa ga maciji da Wilf?"

"Yanzu sun shirya."

Kakata ta zagaya layukan a hankali tana dafa kafaɗata. Ta buɗe gwangwanin, ta duƙa, sai kuma ta miƙe ba ta ɗebi komai ba.

"In na ɗiba, rabin Len zan kai gidana. Wurin nan ma sayarwa za a yi?"

"Nawa ne. Na rubuta wa 'yata shi a wasiyya, ita kuma ta san su waye a ciki."

"To bar shi nan."

Baba Cyril ya yanko kabeji guda ya miƙo mata.

"Riƙe kayanka, Cyril. Ba zan ci mijina ba."

"Wanda nake kawo miki duk shekara fa? A ina kike tsammani nake samu?"

Ta daɗe tana kallon kabejin. Sannan ta miƙo mini gwangwanin ba komai a ciki, ta karɓi kabejin da hannu biyu.