Shatin Yatsa a Ƙarƙashin Fiffike

"Cire hannunka, Digiri," in ji Kyaftin, ko ɗagowa bai yi ba. "Yatsanka da maiƙo."

Na janye hannuna daga jirgin. Ɗan ƙaramin jirgin sama ne, na roba, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, yana kwance rigingine a kan tawul a tsakiyar teburinsa.

Kyaftin maƙwabcina ne a gidan haya, ƙofarsa na kallon tawa. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana gyaran jikin jirage a filin jirgin sama, amma har ya yi ritaya bai taɓa tashi a cikin ko ɗaya ba. Abin da ya sa yaran layi suka laƙaba masa sunan ke nan. Shi kuma yake kirana Digiri, domin tun da na gama jami'a ban mallaki komai ba sai ita.

Burinsa ɗaya ne: robar nan ta koma ƙarfe a idon mai kallo. Bai yarda da fentin azurfa ba, ya ce wannan na ƙofar shago ne. Takardar alminiyam da ake naɗe abinci yake yankawa da reza, falle-falle kamar farce, ya shafa gam kaɗan, ya bari ya sha iska, ya manna, sannan ya murza da auduga har layin ƙusoshi ya fito. Kowane falle da fuskar da yake juya shi. Wani fallen ya goga masa garin fensir, wani fallen ya dafa shi da ɓawon ƙwai don ya dushe, bayan injin kuma ya bi da baƙin hayaƙi. Jirgin da ya yi aiki, a cewarsa, ba ya sheƙi kamar sabuwar tukunya.

A ranar, falle ɗaya ya rage, a ƙarƙashin fiffiken hagu. Tarin da yake fama da shi ya riga ya ci jikinsa, ga safar hannu ta hana shi jin abin da ya riƙe. Sai ya cire ta da haƙori. Ya manna fallen, ya danna, ya ɗaga. Shatin babban yatsansa ya zauna daram a kan alminiyam ɗin, da gam a jikinsa.

Ya daɗe yana kallonsa. Na ce ai ƙasan fiffike ne, ba mai gani. Ya ce shi ya gani.

"In na warke zan ɓare shi," ya ce. "In ban warke ba, kai na ba wa jirgin. Kada ka bari wani ya gyara min. Gara shi da tabonsa."

Bai warke ba. Wata rana da hantsi aka same shi ya cika a kan kujerarsa, tabarau a cinya, rediyo na ta magana ita kaɗai.

Ɗansa ya iso da yamma a mota mai sanyi. Manajan banki ne, kuma tun da na tare a gidan ban taɓa ganinsa ba sai a hoton da ke bango. Ya yi kuka, ba zan tauye masa wannan ba. Bayan an watse na same shi a ɗakin, riƙe da jirgin da hannu biyu, yana jujjuya shi kamar mai tayin kaza. Na yi masa ta'aziyya, na faɗa masa abin da marigayin ya ce.

"Na gode, ƙanina," ya ce. "Amma ka san kayan mamaci ba a rabonsu da baki. Kuma dubi yadda ya yi dabbare-dabbare. Idon Baba ya mutu tun tuni, ba wanda ya gaya min. Zan gyara masa shi, in ajiye a ofis."

Na yi masa bayanin garin fensir da ɓawon ƙwai, na nuna masa cewa kowane duhu da gangan aka sa shi. Ya saurare ni da irin haƙurin da ake yi wa mai neman aiki. Ya tambaye ni abin da na karanta. Da na faɗa masa, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya kawo mafita.

Washegari na ji ƙarar gwangwani ana girgizawa a tsakar gida. Na leƙa ta taga. Ya ɗora jirgin a kan siminti, ya naɗe hannun riga, yana fesa masa fentin azurfa a tsanake, da kulawa, yana share hawaye da kafaɗa. Da saman ya bushe ya kifa shi, ya bi ƙasan fikafikan. Kafin rana ta take jirgin ya zama launi ɗaya daga hanci zuwa wutsiya, yana sheƙi. Matar mai gida ta fito ta ce yanzu ne ya yi kyau.

Ya naɗe shi a tawul ɗin ya tafi. An zuba sauran kayan teburin a buhu, an sa wa ɗakin kwaɗo.

A kan simintin, inda aka yi feshin, akwai da'irar azurfa, a tsakiyarta kuma siffar jirgi da fikafikai a buɗe, wurin da fentin bai taɓa ba. Nan matan gidan suke ajiye bokiti idan sun zo ɗiban ruwa.