Kuɗin Gonar Lemu

Vasanti Pendharkar na cikin haɗa karin kumallo sai maƙwabciyarta Kusum ta leƙo ta taga, ta ce ta ji an rufe kamfanin dillancin hannun jarin da suke hulɗa da shi. Kuɗin gonar lemun da suka sayar bara a wajen birnin Nagpur duk suna can, kuma da su suka dogara don ci gaba da jinyar mijinta Digambar tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi.

Da ta je, ta tarar da ƙofar ofishin kamfanin a garƙame, jama'a sun yi cirko-cirko. Wani tsoho yana ta dukan ƙofar da lema. A gefe, wata jami'a daga kasuwar hannun jari, mai suna Mrunal, ta kafa tebur tana yi wa mutane bayani.

Mrunal ta ce mata hannun jarin da aka saya da sunan mutum suna ajiye a wata ma'ajiya daban, rushewar dillali ba ta cinye su, muddin ba a kwashe su ba. Tsabar kuɗin da aka bari a hannun dillali kuwa, asusun kare masu zuba jari zai biya, amma yana da iyaka: lakh ashirin da biyar ga mutum ɗaya, lakh ɗaya kuwa rupi dubu ɗari ne.

"Kaku," in ji Mrunal, wato gwaggo ke nan, "nawa ne naku a tsaba, nawa ne a hannun jari?"

Vasanti ba ta sani ba. Lakh sittin dai aka zuba, Digambar ne ke kula da komai, kuma yau wata bakwai ke nan maganarsa ba ta fita. Mrunal ta miƙa mata kujera da ruwa.

A gida ta durƙusa gaban gadonsa, ta rasa ta inda za ta fara, don likita ya hana a tayar masa da hankali. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Maigida," ta ce a hankali, "kuɗin gonar nan, ka sayi hannun jarin kuwa?"

Bakinsa ya motsa, kalma ba ta fito ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna rabi, sannan hawaye suka zubo masa. Ashe yana jiran farashi ya sauka ne ya sayi sauran, sai ciwon ya same shi.

Kwana tara tana jiran takardar ma'ajiya. Abinci ya daina shiga. Ko tukunya aka yar a gidan Kusum sai ta zabura. Ta riƙa tunanin ranar da za ta ce wa mai gashin ƙashin da ke zuwa wa Digambar ya daina zuwa.

Takardar ta nuna hannun jarin lakh ashirin da tara suna nan lafiya, ba a taɓa su ba. Sauran talatin da ɗaya tsaba ne. Bayan wata goma sha ɗaya na cike takardu da sintiri, asusun ya biya ashirin da biyar. Shida suka bi ruwa.

Ranar da kuɗin suka shigo ta gaya wa Digambar gaskiya duka, har da shidan. Daga nan ya nuna mata durowar da yake ajiye takardunsa, ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mata mukullin.