Takalman Gidan Bulon Alhaji Ɗayyabu

Tun safe Alhaji Ɗayyabu ya kasa zama. Ya leƙa titin Zariya, ya dawo ya daka wa mai inji tsawa, ya sake leƙawa. Shekara goma sha tara yana buga bulo a Rigachikun, bai taɓa jin mai saye ya turo mai bincike ba sai wannan kamfanin da ke gina gidaje a Unguwar Rimi. Bulo dubu arba'in suke so. In kwangilar ta kuɓuce, rabin ma'aikatansa sai gida.

Da ya ji har lafiyar ma'aikata suke dubawa, jiya ya kawo dogayen takalman roba, ya sa aka shafe su da laka don su tsufa. Ya ce duk wanda aka tambaya ya ce tun bara yake sawa.

Mai binciken, Hajiya Atika, ta sauko daga keke napep, ko kallon fayil ɗin rasitai ba ta yi ba.

“Hajiya, ga lissafin.”

“Ajiye, Alhaji. Akantan kamfani ya riga ya gani. Ni abin da ba ya shiga takarda nake dubawa.”

Ta samu bulo a gindin mangwaro ta zauna. Ba tambaya, ba rubutu. Alhaji ya kawo lemo, ya ajiye mata kujera, ya zagaya injin sau uku. Wane irin bincike ne wannan?

Aka kira azahar. Ma'aikata suka tuɓe takalma, suka tsuguna da butoci a gabanta. Sai a lokacin Alhaji ya gane abin da take jira. Ƙafafu fari fat, siminti ya cinye su, diddige duk kaushi ya tsage. Sani mai kwaɓa siminti har da cije leɓe da ruwa ya taɓa tsakanin yatsunsa.

“Malam, tun yaushe kake sa takalmin?”

“Tun bara, Hajiya.”

Ta juya ga Alhaji. “Kwangila ta dakata wata biyu. Zan dawo, ba zan faɗi rana ba. Ƙafafun nan zan duba, ba takalmi ba.”

Kekenta na tashi Sani ya matso. “Alhaji, a wanke takalman a mayar? Mai shago ya ce aro ne, kafin la'asar.”

“A mayar wa uban wa? Ka ce masa na saya. Kuma duk wanda na gani ba takalmi, ko bayi zai shiga, ya bar min wurin nan!”